Claudia Jones

Claudia Vera Jones (21 ga Fabrairu, 1915 – 24 ga Disamba, 1964) 'yar jarida ce kuma 'yar gwagwarmayar kare haƙƙin baƙar fata da na mata, haifaffiyar tsibirin Trinidad da ke yankin Karibiyan. Ta girma a Amurka, inda ta zama ɗaya daga cikin manyan jami'an Jam'iyyar Kwaminis ta ƙasar, har aka ɗaure ta, aka kuma tasa ƙeyarta zuwa Birtaniya a 1955. A Landan ta kafa jaridar West Indian Gazette a 1958, sannan a 1959 ta shirya wa 'yan Karibiyan mazauna birnin bikin da suke kira Carnival, wanda kafofin labaran Hausa kan kira bikin kalankuwa. Saboda wannan ne ake yi mata laƙabi da uwar bikin kalankuwa na Notting Hill, ko da yake ta rasu kafin bikin ya fito kan titi.

Farkon rayuwa

An haife ta a unguwar Belmont ta birnin Port of Spain, lokacin Trinidad na ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya. Sunanta na asali Claudia Vera Cumberbatch. Daga baya ne, da ta shiga siyasa, ta ɗauki sunan Jones don ta ɓad da sawu daga jami'an tsaro. Faɗuwar farashin koko bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta karya tattalin arzikin tsibirin, iyayenta suka yi ƙaura zuwa New York, ita da 'yan'uwanta mata suka isa can a 1924, suka zauna a unguwar Harlem.

Rayuwa ba ta yi wa gidan sauƙi ba. Mahaifiyarta tana aiki a masana'antar ɗinka tufafi, kuma cutar sanƙarau ta yi ajalinta tun Claudia na makaranta. Mahaifin ya koma aikin kula da wani gidan haya, inda aka ba su masauki mai danshi. Claudia ta kamu da tarin fuka tana budurwa, ta yi wata da watanni a asibiti, kuma huhunta bai sake komawa daidai ba har ƙarshen rayuwarta. Ta kammala makarantar sakandare ta Wadleigh da sakamako mai kyau, amma rashin kuɗi ya hana ta halartar bikin yaye su. Daga nan ta yi aiki a gidan wanki da guga, da masana'anta, da kanti, tana kuma rubuta wani ɗan shafi a wata jaridar Harlem.

Siyasa a Amurka

Shari'ar samarin Scottsboro ce ta ja ta cikin siyasa. Samari ne baƙar fata su tara da aka kama a jihar Alabama a 1931 bisa ƙazafin yi wa mata biyu farar fata fyaɗe, aka yanke wa mafi yawansu hukuncin kisa cikin gaggawa. 'Yan kwaminis na daga cikin waɗanda suka fi tsaya musu a kotu da kan titi, abin da ya sa Claudia ta shiga reshen matasa na jam'iyyar a 1936. A shekarar da ta biyo baya ta fara aiki a jaridar Daily Worker, sannan ta zama editar Weekly Review, da mujallar Spotlight a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙin aka ba ta sakatariyar hukumar mata ta jam'iyyar. Ta auri Abraham Scholnick a 1940, auren ya mutu a 1947.

Rubutunta da aka fi tunawa shi ne wata maƙala da ta fito a mujallar Political Affairs a 1949. A ciki ta nuna cewa mace baƙar fata a Amurka danniya uku take ɗauke da ita a lokaci guda: a matsayinta na ma'aikaciya, da na baƙar fata, da na mace. Ta kawo misalin mata masu aikatau a gidajen Turawa, waɗanda dokokin ƙwadago ba su kare ba, kuma ba ta kyale 'yan jam'iyyarta ba, don ta zarge su da kau da kai daga matsalar. Masu nazarin harkokin mata a jami'o'i har yanzu suna komawa ga wannan maƙala.

Ɗauri da kora

Claudia ta nemi takardar zama 'yar ƙasar Amurka, aka hana ta saboda siyasarta, wannan kuwa ya bar ta a hannun hukumar shige da fice. An fara kama ta a 1948, aka tsare ta a tsibirin Ellis. A 1951 aka gurfanar da ita da wasu shugabannin jam'iyyar ƙarƙashin dokar Smith, wadda ta haramta kira ga kifar da gwamnati da ƙarfi, kuma a shekarar ce ta sami bugun zuciya na farko tana da shekara 36. Kotu ta same ta da laifi a 1953. Ta yi zaman gidan yarin mata na Alderson a jihar West Virginia a 1955, aka sake ta a watan Oktoba.

Da aka zo korar ta, gwamnan mulkin mallaka na Trinidad, Hubert Rance, ya ƙi yarda ta koma ƙasar haihuwarta, don gudun kada ta tayar masa da ƙura. Birtaniya ce ta karɓe ta. Ta bar New York a jirgin ruwa a watan Disamba 1955, tana da shekara 40, ga ciwon zuciya, ga huhu da ya lalace.

Landan da jaridar West Indian Gazette

Ta iske Landan cike da baƙi daga Karibiyan. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta ba mutanen ƙasashen da Birtaniya ke mulka damar shiga su yi aiki, kuma tun zuwan jirgin Empire Windrush a watan Yunin shekarar suke ta kwarara, suna aiki a motocin haya na birni, da jiragen ƙasa, da asibitoci, da masana'antu. Aikin yana samuwa, amma masauki ya zama abin wuya, domin masu gidaje da yawa ba sa ba baƙar fata haya. Dole suka cunkusu a tsofaffin gidaje a unguwanni irin su Brixton da Notting Hill, suna biyan haya mai tsada. Bankuna ma ba sa saurin ba su rance, sai suka koma ga adashi, wanda mutanen Jamaika ke kira pardner, na Trinidad kuma susu. Da shi da yawa suka sayi gidansu na farko ko suka buɗe shago.

Claudia ta shiga Jam'iyyar Kwaminis ta Birtaniya, amma ba a ba ta matsayin da ya dace da gogewarta ba, sai ta mayar da hankali ga al'ummar baƙin. A watan Maris 1958 ta kafa West Indian Gazette, jaridar wata-wata, a wani ɗan ofis da ke saman shagon sayar da faya-fayan garmaho na Theo Campbell a titin Brixton. Amy Ashwood Garvey, matar Marcus Garvey ta farko, na cikin waɗanda suka mara mata baya, Donald Hinds kuma, wanda kwandasta ne a motar haya, ya zama wakilinta. Jaridar tana kawo labarin tsibiran gida, da na neman 'yancin kai a Afirka, da na wariyar launin fata a Afirka ta Kudu da Amurka, tare da sharhin littattafai. Daga baya aka tsawaita sunanta don ya haɗa da mutanen Afirka da Asiya.

Ta fuskar kuɗi jaridar ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta sosai ba. Ta dogara ne da cinikin kwafi da tallace-tallacen ƙananan 'yan kasuwa na al'ummar, su kuma ta nan suke samun abokan ciniki da manyan jaridun Landan ba za su kai su gare su ba. Wani amfanin da ya fi wannan shi ne haɗa kai. A gida, ɗan Jamaika da ɗan Trinidad da ɗan Barbados ba su cika sanin juna ba, don teku ne mai faɗi a tsakaninsu. A Landan ne suka fara ganin kansu a matsayin jama'a ɗaya, jaridar Claudia kuma na cikin abin da ya koya musu haka.

Tarzomar 1958 da bikin farko

A ƙarshen Agusta 1958 gungun samari farar fata suka far wa baƙar fata a Nottingham, sannan a Notting Hill, inda aka yi kwanaki ana kai hari kan gidaje da masu wucewa. Ofishin jaridar ya zama wurin da mutane ke kai kuka da neman shawara. A tarukan da suka biyo baya ne aka kawo shawarar yin bikin kalankuwa, Claudia ta ɗauki nauyin shirya shi da sunan jaridar.

Zaɓin ba na banza ba ne ga wanda ya san tarihin bikin a Trinidad. Turawan Faransa masu gonakin rake ne suka kawo al'adar raye-rayen ɓad da kama kafin azumin Kirista na kwana arba'in. Bayan an 'yanta bayi a 1838, baƙar fata suka mamaye tituna da nasu salon, da ganguna da waƙoƙin habaici ga masu mulki. 'Yan sandan mulkin mallaka sun yi ƙoƙarin murƙushe shi, har aka yi arangama a 1881, aka kuma hana kiɗan ganga. Makaɗa suka koma buga gora, daga baya suka ƙirƙiro gangar ƙarfe daga durom ɗin mai. Don haka a wurin ɗan Trinidad, kalankuwa shagali ne da aka ƙwata da ƙarfi.

An yi bikin ranar 30 ga Janairu, 1959, a babban zauren St Pancras. An sa shi a Janairu don ya zo kusa da lokacin na Trinidad, sanyin hunturun Ingila kuma ya sa dole a yi shi cikin gini. Mawaƙi kuma ɗan wasan kwaikwayo Edric Connor ne ya tsara shirin. Cleo Laine ta yi waƙa, Fitzroy Coleman ya kaɗa jita, ƙungiyar rawa ta Boscoe Holder ta yi wasa, mawaƙin kalipso Mighty Terror ma ya fito, ga kuma makaɗan gangar ƙarfe. Tashar BBC ta nuna wani ɓangare a talabijin. An ware wani kaso na kuɗin ɗan littafin bikin don biyan tarar da kotu ta ci samarin da rikicin Notting Hill ya rutsa da su, baƙar fata da farar fata baki ɗaya.

Akwai kuma gasar sarauniyar kyau. Wani zai yi mamakin a ce 'yar kwaminis mai rubutu kan danniyar mata ta shirya irin wannan gasa, amma a Ingila ta wancan zamani ba a sa mace baƙar fata a lissafin kyau ko kaɗan, kuma gasar ta buɗe wa masu gyaran gashi da maɗinka na al'ummar hanyar nuna sana'arsu.

Bikin bai kashe wutar ƙiyayya ba. A watan Mayun 1959 aka daɓa wa Kelso Cochrane, wani kafinta ɗan tsibirin Antigua, wuƙa a kusa da Notting Hill, ya mutu, kuma ba a taɓa hukunta kowa ba. Claudia na cikin waɗanda suka kai ƙorafi ga gwamnati kan kisan. Duk da haka ta ci gaba da shirya bikin kowace shekara har 1964, sau shida ke nan, a zauruka irin su Seymour Hall da Porchester Hall da Lyceum.

Shekarun ƙarshe

Ta yi yaƙi da dokar shige da fice ta 1962, wadda ta taƙaita shigowar mutanen ƙasashen renon Ingila, tana ganin launin fata aka nufa da ita. A Agusta 1963 ta jagoranci tattaki zuwa ofishin jakadancin Amurka a Landan don goyon bayan babban gangamin Washington. Ta ziyarci Tarayyar Sobiyet, sannan a 1964 ta je Japan taron adawa da makaman nukiliya, ta wuce Sin inda ta gana da Mao Zedong. A watan Disambar shekarar ta haɗu da Martin Luther King a Landan, yana kan hanyarsa ta karɓar kyautar Nobel.

Ta rasu a gidanta a arewacin Landan a jajibirin Kirsimeti na 1964, tana da shekara 49, sakamakon ciwon zuciya da tarin fuka. Sai daga baya aka gano gawarta. An yi jana'izarta ranar 9 ga Janairu, 1965, kuma kabarinta yana maƙabartar Highgate, a gefen hagu na kabarin Karl Marx. Jaridar ba ta daɗe a bayanta ba, ta daina fitowa a 1965.

Alaƙarta da bikin Notting Hill

Bikin da ake yi a titunan Notting Hill ba ita ta fara shi ba. A 1966 wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Rhaune Laslett, ta shirya bikin unguwa don haɗa mazauna masu asali daban-daban, ta gayyaci makaɗin gangar ƙarfe Russell Henderson, wanda ya zaga tituna jama'a na bin sa. A 1973 Leslie Palmer ya faɗaɗa shi, ya shigo da ƙungiyoyin masu kayan ado da manyan lasifikan kiɗa irin na Jamaika. Wannan ya sa masana tarihi ke saɓani kan laƙabin da ake yi wa Claudia: wasu na ganin an tauye Laslett, wasu kuma na nuna cewa bukukuwan zaure na Claudia ne suka tara makaɗa da 'yan rawa da masu ɗinka kayan ado da bikin titin ya gada.

A yau ana yin bikin a ƙarshen makon ƙarshe na Agusta, yana jan mutane fiye da miliyan ɗaya, kuma ɗaruruwan masu sayar da abinci da abin sha, da maɗinka, da makaɗa suna cin abinci a cikinsa. Hukumar gidan waya ta Birtaniya ta buga kan sarki mai hotonta a 2008, a shekarar ce kuma aka kafa allon tunawa da ita a Notting Hill. Kamfanin Google ya karrama ta a shafinsa na farko a watan Oktoba 2020, sannan a 2023 hukumar English Heritage ta sa shuɗin allo a gidan da ta zauna a Vauxhall.