Umaru Ganda: sojan Indoshin da ya koma aikin hoto

Jama'ar Tanut da Belbeji, da ƴan'uwanmu da ke bida a Libiya, Aljeriya da Abijan, a filin tarihinmu na wannan mako za mu waiwayi marigayi Umaru Ganda. Duk wanda ya taɓa zuwa Yamai ya ji ana cewa CCOG, babban gidan wasanni da al'adun nan. To sunansa ne aka sa wa gidan.

An haife shi a Yamai a 1935, Bazabarme ne. Yana ɗan shekara 16 kacal, a 1951, ya shiga sojan Faransa. Aka kai shi Indoshin, yankin da Biyetnam take a yau, inda Faransa ke yaƙi don kada mulkinta ya kuɓuce. A 1954 aka ci Faransa, a 1955 Ganda ya bar soja. Ya dawo gida, babu aiki, babu sana'a a hannu.

Sai ya yi abin da samarinmu ke yi har gobe: ya kama hanyar Abijan. Can ya shiga dako a tashar jiragen ruwa. A nan ya gamu da wani Bafaranshe mai ɗaukar silima, Jean Rouch, wanda ke bincike kan ƴan Nijar masu zuwa cin rani. Rouch ya ɗauke shi aikin tambayar ƴan ci-rani, daga baya ya sa shi gaba a fim ɗin Moi, un Noir na 1958. Ganda da bakinsa ya ba da labarin zaman lebura a unguwar Treichville, har da abin da ya gani a yaƙi.

Da ya koma Yamai, ya koyi riƙon kamara a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar. Fim ɗinsa na farko shi ne Cabascabo, kuma a ganinmu shi ya fi kusa da zukatan mutanen Damargu. Wani tsohon soja ne ya dawo daga Indoshin da kuɗi a aljihu. Abokai suka yi masa caa, maroƙa na kirari, mata na kai da kawo, shi kuma yana ta rabo yana ba da labarin yaƙi. Ranar da kuɗi suka ƙare, kowa ya watse. Ya nemi aiki nan da can bai dace ba, ƙarshenta ya doshi daji neman abinci da ƙarfinsa. Ganda da kansa ya fito a matsayin sojan, bai ba wani ba, kuma bai yi wa kansa kwalliya ba. In kun sauya Indoshin da Sabha ko Tamanraset, kun san gidaje nawa ne a garuruwanmu suka ga irin wannan dawowa. A 1969 aka nuna fim ɗin a bikin silima na Cannes a Faransa.

Daga nan ya juya kan al'amuran gida. Le Wazzou polygame labarin wani alhaji ne da ya auri yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawari, kishi ya kai ga kisan kai a daren biki. Da shi ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, shekarar da aka fara bayar da ita. Wato ɗan Nijar ne ya fara ɗaukar ta a duk Afirka. Saitane kuwa ya taɓo malaman tsibbu masu cin dukiyar mutane, batun da ko yau ba kowa ke iya furtawa a rediyo ba. A 1980 ya fitar da L'Exilé.

Ranar 1 ga Janairu 1981 ciwon zuciya ya yi ajalinsa, yana da shekara 45, yana tsakiyar wani aikin fim. Bayan rasuwarsa FESPACO ta sa sunansa a kyautar da ake ba wanda ya yi fice da fim ɗinsa na farko. Allah ya jiƙansa da rahama.