Ɗan Kasawa, sarkin da ya zauna Maradi

Ɗan Kasawa ɗan sarautar Katsina ne. Ubansa shi ne Sarki Agwaragi. A birnin Katsina ya tashi, cikin dawaki da masu da takubba.

A cikin kayan sarautar gidansu akwai wani takobi da ake kira Gajere. An ce da shi Korau ya kashe Sanau ya ci sarauta, tun zamani mai nisa. Ba shi da tsawo, shi ya sa aka ba shi wannan suna.

A shekarar 1807 mayaƙan jihadi, da Umarun Dallaji cikin manyansu, suka ci Katsina. Sarki Magajin Halidu ya ja da baya zuwa Ɗankama. Can ma aka ci su da yaƙi, sarki ya faɗa rijiya ya mutu. Nan take sarakunan karaga suka naɗa Ɗan Kasawa. Ga sarauta, amma babu gari. Sai ya nufi Damagaram da sauran jama'arsa, ya yi shekaru yana zaune a Gafai.

A lokacin nan mutanen Gulbin Maradi, manoma da mahalba, suna ƙarƙashin wani wakilin sababbin sarakunan Katsina mai suna Mani. Haraji ya yi musu nauyi. Suka aika wa Ɗan Kasawa ya zo. Wajen 1819 aka auka wa Mani a Sumarana, kusa da Jiratawa, aka kashe shi. Ɗan Kasawa ya zauna Maradi. Bai yarda a kira shi sarkin Maradi kawai ba. Sarkin Katsina yake, kuma magadansa sun riƙe wannan suna.

Gajere kuwa yana can fadar Katsina. A 1964 wani masani Bature, Bivar, ya yi bayaninsa cikin littafi. Masu irin wannan aiki ba su tsayawa ga labarin baka kaɗai. Sukan zare takobi daga kube a hankali. Su duba tsatsa, ko ta ci ƙarfen ko a bisa kawai take. Su duba kaifi, don takobin da aka daɗe ana wasawa yakan sirance. Sa'an nan su nemi rubutu ko alamar maƙeri. Takubba da yawa na ƙasarmu daga Jamus aka kawo ƙarfensu, ta hamada, bisa raƙuma. Maƙeran gida su sa mariƙi, dukawa su ɗinka kube. Amma fa alama ma tana ruɗi, gama maƙeranmu sun iya kwaikwayon ƴan watannin da ake bugawa a jikin ƙarfen. Kube kuma yakan tsufa a sake wani, ya zama ƙarfe tsoho ne, fata sabuwa. In akwai tsohon takobi gidanku, kada ku goge shi da yashi. Ku tambayi tsofaffi wa ya riƙe shi, a wane yaƙi.

Ɗan Kasawa ya yi ta kai hari wajen Katsina, amma bai koma birnin kakanninsa ba. Ya rasu wajen 1830. Rauda ya gaje shi, aka kashe shi a yaƙin Gawakuke a 1836 tare da Sarkin Gobir Ali. Bayan wannan yaƙi ne Gobirawa suka kafa Tibiri, da taimakon Sarki Ɗan Mari. Tsohon garin da Ɗan Kasawa ya zauna yana cikin fadama. Ruwan gulbi ya cinye shi a 1945, mutane suka hau tudu.