LIKITA BAIKIE: Wanda Ya Shiga Kwara Da Kwinin, Ya Fito Da Mutanensa Duka

A shekara ta 1841 gwamnatin Ingila ta aiko jiragen ruwa uku su hau kogin Kwara. Cikin Turawa 145 da ke ciki, wajen 40 zazzaɓi ya kashe a 'yan watanni. Wani saurayi Bayarabe mai suna Samuel Ajayi Crowther, wanda daga baya ya zama bishof, yana cikin tafiyar, da idonsa ya ga ana binne su. Daga nan mutanen Turai suka ɗauka ba mai shiga Kwara ya fita da rai. Wanda ya kawar da wannan tsoro shi ne Likita William Balfour Baikie.

An haife shi a 1825 a garin Kirkwall, cikin tsibiran Orkney a arewacin Sikotland. Ya karanta aikin likita a Jami'ar Edinburgh, sa'an nan ya shiga sojan ruwa a 1848. A 1854 aka sa shi likitan wani jirgi mai suna Pleiad, wanda aka shirya don ya bi Kwara da Binuwai. Da suka iso tsibirin Fernando Po sai suka tarar John Beecroft, wanda zai shugabanci tafiyar, ya rasu. Ragama ta faɗa hannun Baikie, bai ko cika shekara 30 ba. Crowther ma ya sake shiga jirgi.

A zamanin nan ba wanda ya san abin da ke kawo wannan zazzaɓi. Likitoci suna zaton mugunyar iskar fadama ce. Amma akwai kwinin, maganin nan mai ɗaci da ake samu daga ɓawon wani itace na Amurka ta Kudu, wanda Faransawa biyu suka tace a 1820. Yawanci sai mutum ya kwanta ake ba shi. Wani likitan sojan ruwa, Alexander Bryson, ya ba da shawara a riƙa sha kullum tun mutum yana da lafiya. Baikie ya riƙe wannan shawara, ya kafa doka a jirgi, kowane Bature sai ya sha rabonsa kowace rana, ko yana so ko ba ya so.

Suka shiga kogi a watan Yuli, tsakiyar damina, suka hau Binuwai har ƙasar Muri, suka wuce inda Turawa suka taɓa kaiwa da mil 250. Bayan kwana 118 suka komo bakin teku. Turawa 12 ne da 'yan Afirka fiye da 50, ba a rasa ran ko mutum ɗaya ba.

A 1857 ya komo da wani jirgi, Dayspring, amma ya bugi dutse kusa da Jabba ya farfashe. Suka yi wajen shekara guda a bakin kogi kafin a zo ɗaukarsu. Baikie bai koma gida ba. Da yardar Etsu Nupe Masaba ya zauna a Lakwaja, mahaɗar Kwara da Binuwai, ya buɗe kasuwa, yana duba marasa lafiya, yana koyarwa, yana fansar bayi. Ya koyi Hausa, ya juya waɗansu sassa na Littafi Mai Tsarki zuwa harshenmu. Zaburar da ya fassara an buga ta a 1881, bayan mutuwarsa. A 1862 ya hau doki ta Bida da Zariya har Kano, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. A lokacin ba a ma kafa garin Kaduna ba.

A 1864 ya kama hanyar gida don ya huta, amma ciwo ya kwantar da shi a Freetown ta ƙasar Saliyo. Nan ya rasu a watan Disamba, yana da shekara 39.

Ya mutu bai san sauro ne ke kawo cutar da ya yaƙa ba. Sai a 1880 Laveran ya ga ƙwayar cutar cikin jinin wani soja a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya same ta a cikin sauro a Indiya. Yanzu an san macen sauron da ake kira anofilis ita ke zuba ƙwayar da cizonta. Ƙwayar takan fara ɓuya a hanta, sa'an nan ta fito ta farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Shi ke kawo sanyi da rawar jiki, ƙarancin jini, har da jijjiga ga yara.

Gaskiya ba ta ɓuya, ƙofar da kwinin ya buɗe ba masu bishara da 'yan kasuwa kaɗai suka bi ta ba. Sojoji ma sun bi, har a Lakwajan nan Lugard ya kafa tutar mulkin mallaka a 1900. Kwinin ɗin kuwa Turawa ya tsare. 'Ya'yan ƙasa aka bar su da zazzaɓinsu, kuma har yau wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Nijeriya suke.

To, mu da ke Doka da sauran unguwannin bakin kogin Kaduna, abin da ke hannunmu ya fi na Baikie. Akwai gidan sauro mai magani, akwai gwajin jini na 'yan mintoci. Tun 2005 Nijeriya ta bar kulorokwin domin ƙwayar cutar ta daina jinsa, ta koma haɗin maganin atemisinin na kwana uku. Mata masu juna biyu suna samun na rigakafi wajen awo. Abin da ya ceci mutanen Pleiad shi ne ba su yi fashin ko rana ɗaya ba. Iyaye, idan jikin yaro ya yi zafi a kai shi gwaji a ranar, idan an ba da magani a shanye shi duka ko da ya ji sauƙi, da dare kuma a saukar da gidan sauro.