Agustin na Hippo da Ƙarar da Ake Kawowa a Kan Ma'aikatan Ikilisiya

Ya kai mai karatu, wata rana za ka ji an ɗora wa wani mai wa'azi laifi, zuciyarka ta ɓaci. Ka duba fa yadda wani bawan Allah ya bi da irin wannan al'amari.

An haifi Agustin a shekara ta 354 a garin Tagast, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya yau. Ya yi yawon duniya cikin ƙuruciyarsa, uwarsa Monika kuwa ba ta fasa yi masa addu'a ba, har ya tuba, aka yi masa baftisma a Milan a 387. Daga baya ya zama bishop na Hippo, yana nan har rasuwarsa a 430.

Wajen shekara ta 402 aka kawo masa ƙarar wani firist na ƙauye mai suna Abundantiyus, cewa ya ci kuɗin da wani baƙauye ya ba shi ajiya, ya kuma kwana a gidan wata mace mai mugun suna. Agustin ya bincika. Da magana ta tabbata, ya tuɓe shi daga aiki, amma ya bar masa hanyar ɗaukaka ƙara.

Ba da daɗewa ba wani firist, Bonifas, da wani saurayi, Sipes, suka tuhumi juna da lalata. Babu mashaidi. Jama'a suka yi ta gunaguni, amma Agustin ya ƙi share sunan Bonifas da hannunsa daga cikin firistoci, gama ya ji tsoron hukunta wanda ba a kama da laifi ba.

Abin da ya fi masa ciwo shi ne na Antoninus, saurayin da shi da kansa ya sa aka naɗa bishop a Fussala. Wannan ya zalunci talakawa, ya ƙwace dukiyarsu. A 423 Agustin ya rubuta wa Selestin, bishop na Roma, ya amsa cewa gaggawarsa ce ta jawo wannan, har ya yi tunanin ajiye aikinsa saboda baƙin ciki.

To, ɗan'uwa, in ka ji ƙara, kada ka yaɗa ta a kasuwa, kada kuma ka binne ta domin kunyar babba. Kai ta wurin dattawan ikilisiya, a nemi shaidu. Wanda aka cuta yana da hakki, wanda aka tuhuma shi ma yana da nasa. Faɗuwar makiyayi ɗaya kuwa kada ta raba ka da Almasihu, gama shi ka bi.