Shaihu Muhammadu Alkashinawi, Masanin Lissafi Daga Katsina

Babu ɗan makarantar da bai san labarin rijiyar Kusugu ta Daura ba, amma kaɗan ne suka taɓa jin sunan wani malamin maƙwabciyarta Katsina, Shaihu Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi. Ya yi karatu wurin malaman ƙasashen nan, sa'an nan wajen shekarar 1730 ya tafi aikin Hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira.

Ya yi rubutu a kan nahawu da manɗiƙi da ilmin taurari, amma abin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne littafinsa Bahjatul Afaƙ, a kan haruffa da wafaƙi, wato abin da aka fi sani da hatimi. Hatimi mai gida uku-uku, in an zuba masa lambobi daga 1 zuwa 9, ko ta ina aka tara layinsa 15 za a samu. Mai gida biyar-biyar kuwa 65. Haddace hatimi ɗaya ba wuya. Shi Shaihu ƙa'idar ginin ya shimfiɗa: gidan da za a fara, yadda za a taka zuwa na gaba, da abin da za a yi idan an tarar gidan a cike ko an fita daga iyaka. Wanda ya bi ta daidai, ko bai san dalilinta ba, zai gina hatimi mai gida bakwai-bakwai ko tara-tara ba tare da lalube ba.

Mutanen zamaninsa asiri suke nema a ciki, shi ma bai raba lissafin da asirin ba. To, amma irin wannan tsantseni wajen bayyana tsari shi ne masana kwamfuta suka nema a shekarun 1990, lokacin da aka ƙago harsuna na musamman, kamar Wright a Amurka da Darwin a Ingila, don rubuta yadda sassan manhaja za su haɗu, a gano kuskure tun kafin a gina ta.

Shaihu ya rasu a Alƙahira a shekarar 1741, a gidan Hasan Aljabarti, wanda ya bar wa littattafansa. Ɗan maigidan, Abdurrahman, da aka haifa bayan rasuwar, shi ya sa labarinsa cikin babban littafinsa na tarihin Masar.