Labarin Sir Harry Ricardo, Wanda Ya Yaƙi Hayaƙin Inji

An haifi Harry Ricardo a birnin Landan cikin 1885. Ubansa mai zanen gine-gine ne, kakansa na wajen uwa kuwa injiniya ne. Tun yana yaro ba shi da abin so kamar ƙere-ƙere. Cikin 1903 ya shiga Jami'ar Cambridge, ya zauna a hannun Shaihun Malami Bertram Hopkinson, suna binciken yadda mai ke ƙonewa cikin inji.

Sa'ad da Yaƙin Duniya na Farko ya yi zafi, motocin sulke na Ingilishi, watau tankoki, suna fid da hayaƙi ƙwarai, har abokan gaba su kan hango su daga nesa, su auna su da igwa. Aka nemi Ricardo, ya tsara wani inji wanda ya hana baƙin mai hawa wurin da wuta ke ci. Hayaƙi ya ragu, aka sa injin cikin tankar Mark V, wadda ta shiga yaƙi cikin 1918. Bayan yaƙi ya kafa ma'aikatarsa a Shoreham, bakin teku, kudancin Ingila.

A nan ne ya juya ga injin dizal. Wannan inji ba shi da fulogi. Fistan ne ke matse iska har ta yi zafi, sa'an nan a fesa mai, ya kama wuta da kansa. To, lokacin da mai ke da shi na gauraya da iska bai kai ƙiftawar ido ba. Duk ɗigon da bai sami iska isasshiya ba sai ya zama baƙin hayaƙi, wanda ke cutar huhu. Mun san haka a murhu: in an cushe itace, iska ba ta ratsa shi, sai hayaƙi ya turnuƙe.

Cikin 1931 Ricardo ya fito da dabarar da ya sa wa suna Comet. Ya yi wani ɗan ɗaki kamar ƙwallo a kan silinda, da ƙaramar hanya a karkace. In fistan ya hau, iska ta shiga ɗakin tana juyawa kamar guguwa, a fesa mai cikinta, su gauraya sarai. Hayaƙi ya yi sauƙi, inji kuma ya iya gudu da sauri. Motocin safa na Landan suka fara amfani da ita, daga baya kamfanoni irin su Citroën na Faransa suka sa ta cikin ƙananan motoci.

Amma dabarar tana da nata aibi. Zafi ya kan zurare ta bangon ɗakin nan, saboda haka inji ya kan ƙara shan mai. Daga wajen 1990 maƙera motoci suka koma fesa mai kai tsaye cikin wani rami a kan fistan, da matsi mai tsanani. Duk da haka tambayar Ricardo ba ta sake ba: ina hanyar da mai zai sadu da iska?

Sarkin Ingila ya ba shi girman Sir cikin 1948. Ya rasu cikin 1974, yana da shekara 89. Mu da mu ke shirin koyar da yara, lalle mu riƙe halinsa: bai tsaya zargin hayaƙi ba, sai ya bi shi har inda ya ke fitowa.