Dorugu, ɗan Damagaram da ya zana kamanninsa da bakinsa

A ƙasashen Turai, mai zane yakan zauna gaban madubi ya zana fuskarsa da fentin mai, domin na baya su san kamanninsa. Rambarant na ƙasar Holan (1606-1669) ya yi haka sau da yawa, bai ɓoye ko tsufansa ba. A ƙasar Damagaram, wanda ya bar mana irin wannan sura shi ne Dorugu, amma shi da bakinsa ya zana ta, cikin harshen Hausa.

An haifi Dorugu a Dambanas, kusa da Kance, wajen shekarar 1840. Ubansa manomi ne, kuma makaɗi. Tun yana yaro mahara suka kama shi, aka kai shi Zinder, daga nan aka wuce da shi Kukawa ta Barno cikin bauta. A can wani matafiyi Bajamushe, Obarweg, ya fanshe shi ya ƴanta shi. Da Obarweg ya rasu a 1852, Dorugu da abokinsa Abbega suka bi Bart, wanda aka sani da Abdulkarim. Tare suka ratsa Zinder, Katsina, Sakkwato da Sayi, har Tumbutu a 1853. A 1855 suka ƙetare hamada ta Bilma zuwa Tarabulus, suka isa Landan.

A Ingila ne wani limamin mishan, Shon, ya zaunar da shi, yana faɗi ana rubutawa. Dorugu ya ba da labarin ƙuruciyarsa, da yadda aka raba shi da gida, da yadda ya sauya iyayengiji. Bai ɓoye bautarsa ba, bai yi wa kansa ado ba. Ya kuma dubi Turawa da idon Bahaushe, ya bayyana al'adunsu. Labarin ya fito a 1885 cikin littafin Magana Hausa. Da taimakonsa kuma Shon ya tsara nahawun Hausa na 1862.

Dorugu ya komo Afirka a 1864. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa ta Kano, inda ya rasu a 1912.

Bayi da yawa sun bi hanyar Kukawa, sunayensu sun ɓace. Na Dorugu ya tsira saboda an rubuta labarinsa. Shi sai da ya ari hannun wani. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci kuwa, alƙalaminsa yana hannunsa.